WAIWAYE ADON TAFIYA: TARIHIN GIDAN MEAGHER DA YADDA 'YAN AILAN KE BIN SAWUN KAKANNINSU

Gabatarwa

A fitowar bana mun ga ya dace mu tsallaka teku mu leƙa tarihin wasu mutane da suke nesa da mu ta fuskar ƙasa da harshe, amma waɗanda suka san ɗacin barin gida fiye da yawancin al'ummun duniya. Mutanen nan su ne 'yan Ailan, wato tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya. Mazauna tsibirin baki ɗaya sun ɗan haura miliyan 7 ne kawai, alhali kuwa a Amurka kaɗai akwai fiye da mutum miliyan 30 da ke cewa asalinsu daga can ne. Da yawa daga cikinsu, abin da suka gada na tarihin gidansu bai wuce magana ɗaya ba, wato wai kakan kakansu ya zo daga Ailan a zamanin yunwa, kuma ya yi soja a yaƙin basasa. Idan aka ce daga wane ƙauye, ko wa ya haife shi, sai a yi tsit.

To, yadda ake tashi daga wannan 'yar magana har a kai ga tsayawa a kan kufan gidan da mutumin ya bari, shi ne abin da muke son mu bayyana. Za mu fara da gida ɗaya wanda tarihinsa yake a rubuce, gidan Janar Thomas Francis Meagher, sa'an nan mu juya ga ƙaramin soja wanda ba a yi masa mutum-mutumi ba.

Abin da ya raba su da gida

A ƙidayar jama'a ta 1841 an sami mutum kusan miliyan 8.2 a Ailan. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, mafi yawan gonaki kuma suna hannun manyan masu ƙasa, talaka haya yake biya. Hatsin da ya noma da dabbar da ya kiwata su ne kuɗin haya, abin da ya rage masa na sa wa a baki shi ne dankalin Turawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar da dankalin nan kaɗai suke rayuwa. A shekarar 1845 sai wata cuta ta faɗa wa dankalin, yana ruɓewa tun yana cikin ƙasa, ta kuma yi ta maimaituwa shekara bayan shekara. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan 1 suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke biye da ita, fiye da miliyan 1 kuma suka bar ƙasar. Da aka sake ƙidaya a 1851, jama'a sun koma miliyan 6.5 da 'yan kai. Har yau tsibirin bai mayar da yawan mutanen da yake da su a 1841 ba.

Waɗanda suka fita ma ba duka suka isa ba. A tsibirin Grosse Île da ke Kanada, inda ake tsare jiragen ruwa don binciken lafiya, an binne fiye da mutum 5,000 a shekarar 1847 kaɗai. Waɗanda suka tsira suka cika unguwannin talakawa na New York da Boston da Philadelphia, maza suna leburanci, mata suna aikatau. Shekara goma sha kaɗan bayan haka yaƙi ya same su a can.

Gida ɗaya, Thomas uku

Gidan Meagher ba gidan talakawa ba ne, shi ya sa sawunsu bai ɓace ba. Da farko ya kamata mu lura da sunan kansa: a baki ana furta shi kamar "Maar", a takarda kuwa wasu na rubuta Meagher, wasu Maher, duk kuwa suna ɗaya ne. Wannan saɓanin rubutu shi ne tarko na farko da ke kama mai bincike.

Kakan Janar, mai suna Thomas, ya bar gundumar Tipperary yana saurayi a ƙarshen ƙarni na 18, ya tafi garin St John's da ke tsibirin Newfoundland, inda kasuwar kifi ta tara 'yan Ailan masu yawa. Ya fara da ƙaramin ƙarfi, ya auri wata bazawara mai suna Mary Crotty, a hankali ya zama attajiri mai jiragen ruwa da ke safara tsakanin St John's da birnin Waterford na Ailan. Ya rasu a 1837. Babban ɗansa, shi ma Thomas, a St John's aka haife shi, amma sai uban ya tura shi Waterford ya kula da harkokin gidan. A nan ya kafu, aka zaɓe shi magajin gari har sau biyu, ya kuma wakilci birnin a majalisar dokokin Birtaniya daga 1847 zuwa 1857. Shi ne ya haifi Thomas na uku, wato Thomas Francis, ranar 3 ga Agusta, 1823. Mahaifiyar yaron, Alicia Quan, ta rasu yana ɗan shekara uku da rabi.

Mai karatu zai ga cewa kaka da uba da jika duk sunansu ɗaya. Al'adar 'yan Ailan ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu kuma sunan kakansa na wajen uwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, tun da mu ma muna mayar da sunan mahaifi, mu sakaya shi da Abba ko Baffa. Al'adar tana taimakon mai bincike, domin sunayen 'ya'ya kan nuna masa sunayen kakanni. Tana kuma iya ruɗa shi, ya ɗauki aikin uba ya jingina wa ɗa.

Daga bakin igiya zuwa ɗaurin talala

Thomas Francis ya yi karatu a makarantar Clongowes Wood ta Ailan da ta Stonyhurst ta Ingila, ya komo gida a 1843 da baiwar iya magana. Ya shiga gwagwarmayar Daniel O'Connell ta neman a mayar wa Ailan majalisarta, amma shi da wasu samari suka gaji da lallami. Ranar 28 ga Yuli, 1846, ya yi wani jawabi a Dublin inda ya ƙi yarda a haramta ɗaukar makami ko da wane hali ake ciki, daga ranar aka laƙaba masa suna Meagher Mai Takobi. Ranar 7 ga Maris, 1848, ya kafa wata tuta mai launi uku, kore da fari da ruwan lemo, a wani gini a Waterford. Koren na nufin 'yan Katolika, ruwan lemon 'yan Furotesta, farin da ke tsakiya kuma zaman lafiya a tsakaninsu. Ita ce tutar Jamhuriyar Ailan a yau.

A watan Yuli na 1848 samarin suka yi yunƙurin tawaye, amma mai jin yunwa ina ya ga ƙarfin yaƙi? Abin ya watse bayan 'yar arangama a Ballingarry. Aka kama Meagher, aka yi masa shari'a a Clonmel kan cin amanar ƙasa, aka yanke masa hukuncin kisa. Daga baya aka sassauta, aka mayar da shi korar rai da rai zuwa tsibirin da a yau ake kira Tasmaniya, kudu da Ostireliya. Ya isa can a watan Oktoba, 1849, aka yi masa ɗaurin talala bisa alkawarin ba zai gudu ba sai ya sanar.

A nan ne tarihin iyalinsa ya ɗauki hanya mai ban tausayi. A watan Fabrairu na 1851 ya auri Katherine Bennett, 'yar wani ɗan Ailan da shi ma aka kora can. A watan Janairu na 1852 ya rubuta wa hukuma cewa ya janye alkawarinsa, ya tsere ya bar ta da tsohon ciki, ya isa New York a watan Mayu. Ta haifi ɗa namiji, Henry, wanda ya rasu yana ɗan wata huɗu, aka binne shi a harabar cocin St John da ke garin Richmond na Tasmaniya. Katherine ta tafi Ailan, ta kuma ziyarci mijinta a Amurka na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma Waterford da wani cikin. Ta haifi ɗa na biyu, aka sa masa Thomas, ita kuwa ta rasu a watan Mayu na 1854. Yaron ya tashi a hannun dangin ubansa, domin uban ba shi da ikon taka ƙasar Ailan. 'Ya'ya biyu ke nan Meagher ya haifa, bai taɓa sa ko ɗaya a ido ba. Daga baya ya auri Elizabeth Townsend, 'yar wani attajirin New York, amma ba su sami haihuwa ba.

Yaƙin basasar Amurka

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 1861 tsakanin gwamnatin tarayya ta Arewa da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, Meagher ya tara kamfani guda na sojoji ya shiga runduna ta 69 ta New York, wadda Michael Corcoran ke jagoranta. Bayan karon farko na Bull Run a ranar 21 ga Yuli, 1861, inda aka kama Corcoran, sai Meagher ya koma New York ya kafa Birged ɗin 'Yan Ailan daga rundunoni na 63 da 69 da 88 na New York. Daga baya aka haɗa musu ta 28 ta Massachusetts da ta 116 ta Pennsylvania. A watan Fabrairu na 1862 aka naɗa shi Birgediya Janar. A yaƙin gaba ɗaya, fiye da mutum 150,000 haifaffun Ailan ne suka yi wa Arewa soja, wajen 20,000 kuma suka yi wa Kudu.

Ranar 17 ga Satumba, 1862, a Antietam, ranar da aka kashe ko aka raunata ko aka nemi kimanin mutum 23,000 aka rasa daga ɓangarorin biyu, birged ɗin ya yi asarar wajen mutum 540 a gaban wata kwararriyar hanya. Ranar 13 ga Disamba ta wannan shekara, a Fredericksburg, aka umarce su su hau wani tudu da abokan gaba suka ja daga a bayan katangar dutse. Kowane soja ya soka ɗanyen ganye a hularsa don a san shi ɗan Ailan ne. Kimanin mutum 1,200 suka hau, aka kashe ko aka raunata ko aka rasa 545. A cikin masu harbi daga bayan katangar ma akwai 'yan Ailan. Bayan karon Chancellorsville a watan Mayu na 1863, birged ɗin ya koma 'yan ɗaruruwa, aka kuma hana Meagher ya je ya ɗebo sababbin sojoji, sai ya ajiye shugabancinsa.

Da yaƙi ya ƙare a 1865, aka tura shi yankin Montana a matsayin sakatare, ya kuma zama muƙaddashin gwamna. Daren 1 ga Yuli, 1867, a garin Fort Benton, ya faɗa kogin Missouri daga kan wani jirgin ruwa, ba a kuma ga gawarsa ba. Masana tarihi sun rabu a kan dalili, wasu na cewa rashin lafiya, wasu giya, wasu kuma makircin abokan hamayya. Yana da shekara 43. Akwai mutum-mutuminsa a kan doki a gaban majalisar Montana tun 1905, akwai wani a Waterford, an kuma sa wa wata babbar gada a kan kogin Suir sunansa a 2015, amma ba shi da kabari. Wanda zai bi sawun wannan gida ɗaya sai ya nemi takardu a Newfoundland da Waterford da Tasmaniya da New York da Montana.

To, ƙaramin soja fa?

Janar yana da masu rubuta masa tarihi. Amma leburan da ya soka ganye a hula ya hau tudun Fredericksburg, wa zai tuna da shi in ba jikokinsa ba? Masu wannan bincike suna da ƙa'ida guda da ba sa saɓawa: a fara daga abin da aka sani a koma baya taki-taki, kada a yi tsalle. Ana fara wa da tsofaffin gida da abin da ke cikin adaka, kamar wasiƙu da hotuna da takardar sallama daga soja. Daga nan sai maƙabarta, domin 'yan Ailan da yawa sun sa an sassaƙa sunan gundumarsu da yankin cocinsu a jikin dutsen kabari.

Abin da ake nema ruwa a jallo shi ne sunan ƙauye. Ailan tana da gundumomi 32, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowanne kamar unguwa ko tunga a wurinmu. Wanda ya san cewa kakansa Patrick Murphy ne daga Ailan, bai san ƙauye ba, kamar wanda ya shiga Kurmi ne yana cigiyar Malam Musa. Takardun jiragen ruwa, waɗanda doka ta wajabta tun 1820, yawanci sunan ƙasa kawai suke bayarwa. Rajistar soja tana ba da shekaru da tsawo da launin ido da sana'a, amma a gurbin wurin haihuwa sau da yawa Ailan kawai za a gani.

Taska mafi daraja ita ce fayil ɗin fansho. Ranar 14 ga Yuli, 1862, majalisar Amurka ta yi dokar biyan fansho ga nakasassun sojoji da matan waɗanda suka mutu da marayunsu da uwayen da suka dogara da su. Matar ƙaramin soja tana karɓar dala 8 a wata, a lokacin da albashin sojan kansa yake dala 13. Amma kafin a biya ta sai ta tabbatar da aure. Ta yaya matar da aka ɗaura wa aure a wani ƙauyen Ailan shekara ashirin da suka wuce za ta tabbatar? Sai ta rubuta wa limamin cocinsu ya aiko da shaida, ko ta kawo mutanen garinsu da suka halarci ɗaurin auren su yi rantsuwa, su faɗi ƙauye da shekara da sunan wanda ya ɗaura. Uwa kuma, don ta nuna ɗanta ne ke ciyar da ita, sai ta miƙa wasiƙun da ya aiko mata daga fagen fama masu ambaton kuɗin da ya turo. Hukuma ba ta mayar da wasiƙun nan ba. Suna nan a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Washington, kuma da su ne masanin tarihi Damian Shiels ya rubuta littafinsa na 2016 a kan 'yan Ailan da aka manta da su. Abin da ya kasance wahala ga gwauruwa jiya, shi ya zama gado ga tattaɓa-kunnenta yau.

Akwai wasu kafofi biyu da suka cancanci ambato. Daga 1831 zuwa 1921 jaridar Pilot ta Boston ta riƙa buga cigiyar 'yan'uwa, inda mace za ta nemi ƙanenta ko uwa ta nemi ɗanta, a faɗi ƙauyensu da shekarar da ya taso da inda aka yi masa ganin ƙarshe. An tattara fiye da 40,000 na irin wannan cigiya. Haka kuma bankin ajiya na baƙin haure da aka buɗe a New York a 1850, saboda yawancin masu ajiya ba su iya sa hannu ba, ya riƙa rubuta ƙauyen mutum da sunan jirgin da ya kawo shi da sunayen iyayensa, don a yi masa tambaya ranar da ya zo karɓar kuɗi.

Duk da haka sai an yi hattara da mai kama. Annie Moore, yarinyar nan daga Cork, ita ce ta farko da aka yi wa rajista a tashar baƙi ta Ellis Island ranar 1 ga Janairu, 1892. Shekara da shekaru ana ɗauka ita ce wata Annie Moore da ta rasu a Texas, har ana gayyatar zuriyar waccan bukukuwa. Sai a 2006 masu bincike suka gano cewa ta ainihin ba ta bar New York ba, ta rayu cikin talauci ta rasu a 1924, aka binne ta a kabarin da ko alama babu. Mai kama da wane ba wane ba ne.

Ranar da takardu suka ci wuta

Wanda ya dace ya sami sunan ƙauye, ya tsallaka zuwa Ailan, sai ya tarar da babban giɓi. Ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasar Ailan, ofishin adana takardun gwamnati da ke harabar manyan kotuna a Dublin ya yi bindiga ya ƙone. Takardun ƙarni bakwai suka zama toka, ciki har da mafi yawan ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851, da wasiyyoyi, da rajistar coci-cocin Angilika masu yawa. Ƙidayar 1861 da 1871 tun da farko gwamnati ta lalata su, ta 1881 da 1891 kuma an niƙe su a zamanin yaƙin duniya na farko. Ke nan mutanen zamanin yunwa, waɗanda su ne ake nema, su ne takardunsu suka fi salwanta.

Me ya tsira? Abin da ba a tara wuri ɗaya ba. Rajistar baftisma da aure ta cocin Katolika tana hannun limamai a garuruwansu, wuta ba ta kai gare ta ba. Ɗakin karatu na ƙasa ya ɗauki hotonta, a watan Yuli na 2015 kuma ya sa ta yankunan coci fiye da 1,000 a intanet kyauta. Akwai kuma ƙiyasin haraji da Richard Griffith ya jagoranta daga 1847 zuwa 1864, wanda ya lissafa sunan kowane mai riƙe da gida ko gona, da mai ƙasar, da yawan eka. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ga kowa da kowa ta fara a 1864, ita ma tana nan, haka ƙidayar 1901 da ta 1911. Wani abin mamaki kuma, da aka kafa fanshon tsofaffi a 1908, duk ɗan shekara 70 da ba shi da takardar haihuwa sai a duba masa sunansa a ƙidayar 1841 ko 1851 a kwafo. Asalin ya ƙone, kwafin ya rage. A watan Yuni na 2022, shekara 100 bayan gobarar, aka ƙaddamar da wata ma'adana a intanet wadda ke tattaro kwafe-kwafen takardun da suka ƙone daga ƙasashe daban-daban.

Abin da takarda kan tona

Wajibi ne mu faɗi cewa mai tonon asali ba zuma kaɗai yake tararwa ba. Wani ya tashi da labarin kakansa jarumi ne, sai takarda ta nuna ya gudu daga soja, ko ya bar mata a Ailan ya sake aure a Amurka. A watan Yuli na 1863, bayan an kawo dokar tilasta shiga soja wadda ta yarda mai dala 300 ya fanshi kansa, talakawan New York, akasarinsu 'yan Ailan, suka yi tarzomar kwana huɗu. Suka huce haushinsu a kan baƙaƙen fata, suka kashe wasu, suka ƙone gidan marayunsu. Fiye da mutum 100 suka mutu. Shi kansa Meagher kafin yaƙi yana tausaya wa Kudu, kuma abin da ya kai shi Fort Benton shi ne karɓo makaman da za a yaƙi 'yan asalin ƙasar Amurka da su. Mutumin da aka raba da ƙasarsa ya zama mai taya raba wasu da tasu. Mai rubuta tarihin gida na gaskiya yakan rubuta wannan tare da wancan, domin kirari aikin maroƙi ne.

Komai nisan jifa

A ƙarshen shekarun 1840 wani saurayi, Patrick Kennedy, ya bar ƙauyen Dunganstown kusa da New Ross ya tafi Boston, ya yi sana'ar haɗa ganguna na katako, ya rasu a 1858. Ranar 27 ga Yuni, 1963, tattaɓa-kunnensa John F. Kennedy, shugaban Amurka, wanda shi ma tsohon sojan ruwa ne na yaƙin duniya na biyu, ya tsaya a tsakar gidan nan ya sha shayi da danginsa. Kashegari ya yi jawabi a majalisar dokokin Ailan, ya tuna da Meagher da mutanensa, ya kuma miƙa wa ƙasar ɗaya daga cikin korayen tutocin runduna ta 69. Abin da ya sa ya iya komawa ƙofar gidan shi ne, cikin fiye da shekara 110, sunan ƙauyen bai ɓace ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da tsofaffin sojoji. Daga 1943 zuwa 1945 dubban samarin ƙasar nan sun yi yaƙi a Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga can suka samo asali, sunayen da yawa daga waɗanda ba su komo ba kuma suna sassaƙe a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Gida nawa ne a cikinmu ke iya faɗin lambar sojan kakansu, ko inda littafin sallamarsa yake? 'Yan Ailan sun rasa ƙauyukansu ne cikin zuriya uku kacal: na farko ya san gida bai rubuta ba, na biyu ya ji suna bai taɓa zuwa ba, na uku ko sunan bai riƙe ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja da Fatakwal su ne zuriya ta biyu.

Shawararmu ita ce, duk wanda ya zo gida hutun bana ya ware yini guda ya zauna da mafi tsufa a gidansu, musamman mata, domin su ne rumbun dangantaka. Ya rubuta sunan yanka tare da laƙabi, da sunan unguwa, da garin da aka taso kafin a zo nan, da sarkin da ke kan gado lokacin da abu ya faru. Ya naɗi muryar a wayarsa, ya ɗauki hoton kowace tsohuwar takarda, har da rasit ɗin haraji. Sa'an nan ya yi kwafi uku ya raba wa gidaje uku a garuruwa daban-daban, saboda darasin Dublin. Mai son ya zurfafa, ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Tsohon da ke zaune a zaure bana ba lalle ne a same shi baɗi ba. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya kuma kai mu fitowa ta gaba lafiya.